Ruwan Ɗumi na Wikki: Tarihinsa da Matsayinsa Cikin Kayan Gadon Ƙasar Bauchi

Gabatarwa

Na fara ganin ruwan Wikki da idona a shekarar 1975, ina ɗan aji biyu a makarantar sakandare, lokacin ƙasar Bauchi tana cikin Jihar Arewa maso Gabas. Malaminmu na labarin ƙasa ne ya kwashe mu a bayan babbar mota cikin tsakiyar hunturu. Washegari da sassafe, sanyi yana kaɗa mana haƙora, ya sa mu a gaba muka gangara matakala zuwa cikin kwari, sai ga ruwa garai-garai yana fitowa daga gindin dutse, tururi yana tashi a kansa kamar an ɗora tukunya. Da na tsoma ƙafa na ji ɗumi, sai na ja da baya a tsorace, domin a iya sanina a lokacin, ruwa ba ya ɗumi sai da wuta ko rana.

Daga wannan rana har na yi ritaya daga aikin gwamnati na koma Wikki sau da dama, wani lokaci a bakin aiki, wani lokaci tare da iyali. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin masu zuwa sukan yi wanka, su ɗauki hoto, su koma gida, ba tare da sun san daga ina ruwan yake fitowa ba, balle su san waɗanda suka riga su zama a bakinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta tattaro wa malaman makaranta da iyayenmu dattawa abin da aka sani game da wannan maɓulɓula, da yadda ta tashi daga mashayar mafarauta ta zama wurin wankan baƙi, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu domin ta ɗore.

Inda Wikki Yake da Siffarsa

Wikki yana tsakiyar dajin Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. Dajin yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,244, ya kuma taɓo gundumomin Duguri da Pali da Gwana. Mai tasowa daga birnin Bauchi zai bi hanyar Gombe har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, sannan ya ratse kudu zuwa Mainamaji, inda babbar ƙofar shiga take. Daga ƙofar zuwa masaukin baƙi na Wikki akwai tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji.

Ruwan yana ɓullowa ne daga ƙarƙashin wani tsayayyen dutsen yashi, ya miƙe cikin kwari mai inuwar manyan itatuwa. Wurin da ake wanka ya kai tsawon mita 200, faɗinsa kimanin mita 13, zurfinsa kuwa a wajen bakin maɓulɓular ya kusa mita 2, sannan ya riƙa raguwa yayin da ake gangarawa. Ƙasan ruwan farin yashi ne, kuma saboda tsananin haskensa mutum yana tsaye yana ganin yatsun ƙafarsa. Ɗuminsa digiri 31 ne da ɗan ɗoriya a ma'aunin Salshiyas, dare da rana, rani da damina. Tun da ɗumin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, ruwan ba ya ƙona fata. Da hunturu a ji shi da ɗumi sosai, da bazara kuwa a ji shi da ɗan sanyi-sanyi, alhali shi bai sauya ba, iskar waje ce ta sauya.

An ƙiyasta cewa maɓulɓular tana fitar da lita miliyan 21 a kowace rana. Domin malamai su sauƙaƙa wa yara wannan adadi, sai su raba shi da daƙiƙoƙin yini guda, wato 86,400, za su samu kimanin lita 243 a kowace daƙiƙa, kusan jarka goma ke nan mai cin lita 25. In kuma da duro mai lita 200 aka auna, duro 105,000 ne a rana. Duk wannan ruwa yana gangarawa ne cikin kogin Gaji, wanda shi ne jijiyar dajin Yankari. Wikki shi ne mafi girma cikin maɓulɓulan ɗumi huɗu da ke dajin. Sauran su ne Dimil da Gwana da Mawulgo. Akwai kuma ta biyar, Tungan Maliki, wadda ruwanta mai sanyi ne.

Daga Ina Ɗumin Yake Fitowa?

Wannan ita ce tambayar da na fi sha daga bakin ɗalibai da manya. Wasu sukan ce wuta ce take ci a ƙarƙashin dutsen, wasu kuma su danganta abin ga aljanu. Bayanin masana ilmin ƙasa ya fi wannan sauƙi, kuma duk wanda ya taɓa shiga rijiya mai zurfi da hunturu ya ɗanɗani farkonsa.

Ƙasar Yankari tana gefen babban kwarin Binuwai, wanda ya cika da duwatsun yashi da laka da suka kwanta hawa-hawa cikin miliyoyin shekaru. Hawan sama shi ne masana suka laƙaba wa suna Kerri-Kerri, a ƙarƙashinsa kuma akwai wanda suke kira dutsen yashi na Gombe, wanda ya girme shi. Irin wannan dutse yana da ƙananan ƙofofi a jikinsa, yana shan ruwa kamar yadda sabuwar randa take sha. Idan aka yi ruwan sama a kan tuddai, wani kaso yakan gudu zuwa rafi, wani kuma ya nutse a hankali cikin dutsen har ya yi nisa.

To, ƙasa kuwa tana da ɗumin kanta. A mafi yawan wurare, duk mita 100 da aka nutsa ɗumi yakan ƙaru da kusan digiri 3. Saboda haka ruwan da ya gangara 'yan ɗaruruwan mitoci ya daɗe a can, zai ɗauki ɗumin dutsen da yake kwance a ciki. Idan ya ci karo da shimfiɗar laka da ba ya iya ratsawa, sai ya bi gefe, nauyin ruwan da ke biye da shi daga tudu yana tura shi, har ya samu tsaga ko bakin kwari ya ɓullo. Da yake yana fitowa da yawa kuma da sauri, ba ya samun damar hucewa a hanya.

Wannan bayani ya warware abubuwa uku. Na farko, ɗumin ba ya sauyawa domin zafin rana da sanyin hunturu ba sa kaiwa wannan zurfi. Na biyu, ruwan yana da haske domin yashi ya tace shi a doguwar tafiyarsa. Na uku, ba ya ƙafewa da rani domin ruwan da muke wanka da shi yau ajiyar damunan baya ce, dutsen yana sakinta kaɗan-kaɗan. Ke nan asalin Wikki ruwan sama ne, kuma rayuwarsa ta dogara ga ƙasar da take shanye wannan ruwa. Zan dawo kan wannan batu a gaba.

Mutanen da Suka Riga Mu Zuwa Bakin Ruwan

Mai shiga Yankari a yau zai ɗauka tun fil'azal daji ne na namun jeji kawai, amma ƙasar tana cike da sawun mutane. Akwai koguna 59 da aka sassaƙa da hannu a jikin dutsen yashi, waɗanda ake kira da sunan P. J. Marshall, mai binciken da ya bayyana su ga duniya a shekarar 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey, fiye da 130, waɗanda aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa. Akwai matoyar tama a Shau Shau da Ampara, inda aka ƙirga kimanin murhu 60 na narka ƙarfe a tsaye a Shau Shau kaɗai. Akwai kuma zane-zane a jikin dutse a Tunga Dutse.

Narka tama aiki ne mai cin gawayi da hannaye masu yawa, haƙa rijiyoyi sama da ɗari kuma ba aikin mai wucewa ba ne. Wannan ya nuna cewa al'umma mai tsari ta zauna a nan, da maƙera da manoma da masu fatauci. Labarin baka da aka fi ji yana cewa kogunan mafaka ce a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, rijiyoyin kuma zango ne na ayari. Ko ma yaya aka yi, mutanen da suka sha wahalar sassaƙa dutse domin tara ruwan damina ba za su rasa sanin darajar maɓulɓular da ba ta ƙafewa ba.

Game da sunan kansa, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne Wikki kalma ce ta harshen Duguri mai ma'anar tambayar mutum inda yake. Wannan ya tuna mana cewa Dugurawa da maƙwabtansu sun san ruwan sun kuma raɗa masa suna tun kafin a shata iyakar gandun daji.

A shekarar 1989 aiki ya kai ni wani ƙauye a gefen dajin, inda na zauna da wani tsohon maharbi da ya haura shekara tamanin. Ya shaida mini cewa a ƙuruciyarsa, idan farauta ta kai su kwana da kwanaki cikin hunturu, a bakin wannan ruwa suke yada zango, su gasa jikinsu, su wanke ƙaya da raunuka. Ya ce da asuba tururin da ke tashi daga kwarin shi ne alamar da suke bi idan hanya ta ɓace musu. Ya lissafa mini sunayen mashayu da tuddai da harshensu, ya kuma rera mini kirarin da maharba suke yi. Na ɗauki duk wannan a kaset guda biyu. Na ajiye su cikin akwati da niyyar in rubuta idan na samu sarari, sarari bai samu ba sai bayan shekara goma sha ɗaya, lokacin danshi ya riga ya cinye zaren. Da na koma ƙauyen, sai na tarar tsohon ya daɗe da rasuwa. Abin da na kawo a sama shi ne kawai ya rage a kaina, sunayen da kirarin kuwa sun tafi, kuma laifin nawa ne ni kaɗai.

Daga Dajin Mafarauta Zuwa Wurin Wankan Baƙi

Tun a shekarar 1934 aka kawo shawarar keɓe wani daji a masarautar Bauchi domin kare namun jeji, amma maganar ba ta tabbata ba sai a 1956, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta amince da shirin. A 1957 aka shata dajin a matsayin gandun En'e ta Bauchi, zamanin Sarkin Bauchi Adamu Jumba. Ranar 1 ga Disamba, 1962, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido.

Zaɓen wurin da aka kafa masaukin baƙi ba a yi shi da ka ba. An gina shi a kan tudun da ke saman maɓulɓular, ya kuma ɗauki sunanta. Daga baya aka gina matakala zuwa cikin kwarin, aka daɓe bakin ruwan, aka sa fitilu domin masu wankan dare. Ta haka mashayar maharba ta zama wurin wanka da sunansa ya kai ƙasashen waje. A masaukin kuma aka kafa ɗan gidan tarihi mai ɗauke da fatu da ƙasusuwa da haurun giwa da makaman da aka ƙwace daga hannun masu farauta ba bisa ƙa'ida ba.

Riƙon dajin ya sauya hannu sau da yawa. Daga gwamnatin Arewa ya koma hannun Jihar Arewa maso Gabas da aka ƙirƙiro a 1967, sannan Jihar Bauchi a 1976. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa bisa Doka ta 36 ta wannan shekara. A 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka mayar wa Jihar Bauchi da kayanta. A 2014 kuma jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS domin taimakawa wajen tsaron dajin.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan ci gaba ya zo da nasa ciwon. Jikokin waɗanda suka raɗa wa ruwan suna sun wayi gari sai da tikiti za su gan shi, farauta da kiwo a ciki kuma sun zama laifi. Ba a iya kare daji ba tare da doka ba, amma duk tarihin Wikki da bai ambaci abin da mutanen gefen dajin suka sadaukar ba, bai cika ba.

'Yan'uwan Wikki a Wasu Wurare

Wikki ba shi kaɗai ba ne. A Lamurde ta Jihar Adamawa akwai Ruwan Zafi, a Akiri ta ƙaramar hukumar Awe cikin Jihar Nasarawa akwai wani, dukansu cikin kwarin Binuwai suke, kuma zafinsu ya haura digiri 50. A Ikogosi ta Jihar Ekiti ruwan ɗumi da na sanyi suna fitowa kusa da juna su haɗe. A Jamhuriyar Nijar akwai Tafadek, arewa da Agadas cikin duwatsun Azbin, inda masu ciwon gaɓoɓi suke tafiya su yi kwanaki suna wanka.

A ƙasashen waje, misalin da ya fi dacewa da mu shi ne garin Bath na Ingila, inda ruwa yake fitowa da zafin digiri 46. Rumawa sun gina wuraren wanka a kansa kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma a 1987 hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin kayan gadon duniya. Abin da ya ɗaga darajar Bath shi ne mutanensa sun adana gine-ginen da labarin waɗanda suka yi wanka a wurin. Mu ma muna da ruwan, muna da koguna da rijiyoyi da matoya a kewayensa. Abin da ya rage mana shi ne haɗa su cikin labari guda rubutacce.

Batun Magani da Tsarki

Dattawa sukan tambaye ni ko ruwan Wikki magani ne. Abin da likitoci suka tabbatar game da kowane ruwan ɗumi shi ne yana sassauta jijiyoyi, yana rage raɗaɗin sanyin ƙashi da ciwon baya na ɗan lokaci, domin ruwa yana ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki. Wannan amfani ne na gaske. Sai dai ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko ciwon suga, kuma mai irin wannan larura kada ya ajiye ƙwayarsa don ya je Wikki. Haka kuma ruwan ba shi da warin farar wuta ko ɗanɗanon gishiri irin na wasu maɓulɓulan. Falalarsa tana cikin tsabtarsa da daidaiton ɗuminsa.

Ta fuskar tsarki kuwa, malaman Malikiyya sun yi bayani cewa ruwan da ya ɓullo daga ƙasa mai tsarki ne mai tsarkakewa, ko da ƙasar da yake kwance a kai ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa. Saboda haka ɗumin Wikki bai hana alwala ko wanka da shi ba. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne suturta jiki da mutunta sauran masu wanka, musamman idan an je da ɗalibai maza da mata.

Abubuwan da ke Barazana ga Wikki

Tun da asalin ruwan daga sama yake, babban abokin gabansa yana kan tudu. Ƙasa mai itatuwa da ciyawa tana riƙe ruwan sama har ya nutse. Idan aka sare itatuwa don gawayi, aka banka wa daji wuta, dabbobi suka tattake ƙasa ta yi tauri, sai ruwan ya gudu a sama ya tafi da ƙasar noma, kaɗan ne zai shiga dutse. Illar irin wannan ba ta bayyana a shekara ɗaya ko biyu, domin ajiyar tana da yawa, kuma ranar da za a gan ta gyara ya yi wuya.

Idan ruwan ya ragu, ba masu wanka kaɗai za su ji ba. Da rani, giwaye da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza duk a kwarin Gaji suke taruwa, kuma maɓulɓulan nan suna cikin abin da yake riƙe kogin. Giwayen Yankari, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 100 zuwa 150 a shekarun 2010, suna cikin garkuna kaɗan da suka rage a Nijeriya.

Barazana ta biyu daga hannunmu take, mu masu ziyara. Na sha tsintar leda da robar lemo a bakin ruwan, na kuma ga masu shiga da sabulu, alhali duk abin da aka zuba a nan kogin Gaji zai gangara, dabbobi su sha. Ba wa gwaggon biri abinci ma ɓarna ce, domin shi ya sa suka saba da fizge kaya daga hannun baƙi. Barazana ta uku ita ce mantuwa, irin wadda ta cinye kaset ɗina.

Kammalawa

Ga malamai, shawarata ita ce a mai da ziyarar Wikki darasi. A tafi da ma'aunin zafi, yara su auna ruwan da asuba da kuma azahar, su auna iska a lokutan biyu, su kwatanta da kansu. A sa su lissafin lita 243 a daƙiƙa. A nemi jagora ya kai su koguna da rijiyoyin Dukkey kafin a sake su wanka. A kuma tuna cewa wajen bakin maɓulɓular ya fi tsawon mutum zurfi, kuma hasken ruwan yana sa a ga kamar ƙasa tana kusa. Yaron da bai iya iyo ba ya tsaya a ƙasa-ƙasa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, malami yana tsaye a kansa. Malaman da ke koyarwa a Duguri da Pali da Gwana kuwa suna da damar da sauran ba su da ita: su tura ɗalibai wurin kakanninsu su rubuto sunayen mashayu da tuddai da labaran dajin da harshen gida, a tara a makaranta, a aiko da kwafi ga hukumar tarihi.

Ga iyayenmu dattawa, roƙona shi ne duk wanda ya san wani abu game da wannan ruwa, ko daga mahaifinsa maharbi, ko daga zamanin da ya yi aikin gandun daji, ya kira ɗa ko jika ya faɗa masa, a ɗauka a waya, a kuma rubuta a takarda a makon nan, kada a jira sarari kamar yadda na jira. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.